Mako 12 a ajin koyon almajirantarwa ta intanet, da akwatin da na ƙi cikewa

Ranar da aka yi wa yarinyar baftisma, fastonmu ya tsayar da ni bayan an tashi daga sujada, ya ce, "Malama, ga ƙanwa na ba ki. Ki riƙe ta." Na ce to, don ba a yi wa fasto musu a bakin ƙofa mutane na wucewa. Sai da na isa gida na zauna na tambayi kaina: in riƙe ta da me? Shekara 19 ina koyar da yara, na iya tsara darasi ko da an tashe ni daga barci. Amma ban taɓa zama da mutum ɗaya, babba mai hankalinsa, na nuna masa yadda ake bin Yesu daga Litinin zuwa Asabar ba. Ni kaina ba wanda ya yi mini haka. A cikin ikilisiya na tashi, abin da na tsinta daga wa'azi da waƙa da kallon manya shi ne jarina.

Zamanmu biyu na farko sun zama aji. Na yi ta magana, tana ta gyaɗa kai, tana cewa "I, Yaya." Da ta tafi sai na ga ban san komai a kanta ba, ita kuma ta san ra'ayina a kan komai. Abin da ya tura ni neman taimako ke nan, har wata 'yar'uwa ta turo mini hanyar shiga wani horo da ake yi ta intanet, na mako 12, don masu riƙe da sababbin tuba. Ba zan kira sunan ƙungiyar da ke gudanar da shi ba. Masu irin wannan hidima suna da yawa yanzu, tsarinsu kuma kusan ɗaya ne, saboda haka wanda ke tunanin shiga kowanne daga cikinsu zai iya auna nasa da abin da zan faɗa.

Abu na farko da ya burge ni tun a wajen rajista ne. Akwai tambaya: kina da mutumin da za ki yi tafiyar nan tare da shi? In ka ce babu, ba za su ɗauke ka ba. Za su ce ka je ka yi magana da shugabannin ikilisiyarku, ka dawo in an haɗa ka da wani. Da farko na ga kamar tsanani ne, amma da tafiya ta yi nisa na gane dalili. Wanda ya shiga don ƙarin ilimi kawai zai gama da takardar shaida a hannu, bai taɓa jin yadda ake ji ba in ka shirya darasi, ka zauna kana jira, mutumin bai zo ba kuma bai ɗaga waya ba.

Tsarin kowane mako kashi huɗu ne: bidiyo na kamar minti 20, shafukan darasi da za ka zauna ka yi tare da almajirinka, kira ɗaya da jagorar da aka haɗa ka da ita, sai fom da ake cikewa kafin a buɗe maka mako na gaba. Sau ɗaya a wata kuma ana haɗa mu mu shida a kiran bidiyo. Manhajar ba ta da nauyi, tana aiki a tsohuwar wayata, kuma ana iya sauke darasin a murya kawai ba hoto, wanda shi na riƙa yi ina saurara ina aikin gida. Kiran mutum shida ɗin ne bai taɓa tafiya daidai ba. Kullum sai muryar wani ta yanke, wani ya shigo a makare don agogon ƙasarsu daban, rabin lokacin ya tafi a "kuna ji na?" Ban ƙaru da shi sosai ba. Saƙonnin tunatarwa kuma sun yi yawa, har sau uku a rana, na kashe su tun mako na biyu.

Bidiyoyin dai tsakani da Allah suna da nama. Malamin ba ya ihu, ba ya ƙawa, Littafi yake buɗewa. Darasin farko a kan Matiyu 28:18-20 ne, ayoyin da na sha ji har na daina jin su. Ya nuna cewa a Helenancin da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, umarni ɗaya ne tak a cikin jimlar, wato "ku almajirtar". Tafiya da yin baftisma da koyarwa duk rataye suke a jikin wannan kalmar, suna bayyana yadda za a yi ta. Ya kuma tsaya a kan aya ta 20, inda Ubangiji bai ce a koya musu su san abin da ya umarta ba, ya ce a koya musu su kiyaye. Ni malamar makaranta ce, na san nisan da ke tsakanin yaron da ya haddace dokar aji da yaron da ke bin ta. Daga nan ya kawo wani lissafi da ban taɓa lura da shi ba: kalmar "Kirista" sau 3 kacal ta fito a Sabon Alkawari, a Ayyukan Manzanni 11:26 da 26:28 da 1 Bitrus 4:16, alhali "almajiri" ta fito fiye da sau 250. Na ɗauko Littafina na duba ukun nan da idona, haka ne.

Ayar da ta fi zauna mini a rai kuwa Markus 3:14 ce. Yesu ya zaɓi sha biyun domin su kasance tare da shi, sannan ya aike su wa'azi. Zama tare ne ya riga aike. Harshenmu ma ya taimaka a nan, don kalmar almajiri daga Larabci ta samo asali, daga wanda ya yi hijira, ya bar inda yake ya koma inda malaminsa yake. Ku riƙe wannan ayar, don da ita na auna horon gaba ɗaya, kuma da ita na same shi da laifi a wani wuri.

Mako na uku na tarihi ne, shi na fi so, har na saurare shi sau biyu. A nan na ji cewa a ikilisiyar farko akwai wuraren da mai neman baftisma yakan yi har shekara 3 yana koyo, kuma kafin a karɓe shi sai wanda ya kawo shi ya tsaya ya ba da shaida a kan halinsa, ko yana kula da gwauraye da marasa lafiya. Na ji labarin Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, wanda Ambros ya yi wa baftisma a Milan a shekara ta 387. Wani dikon a Kartej ya kai masa kuka cewa in yana koyar da sababbin shiga, maganarsa takan yi tsawo ta gundure shi shi kansa, balle mai sauraro. Agustin ya rubuta masa doguwar amsa, a ciki har da shawarar cewa in ka ga mutum ya fara hamma, ka faɗi abin da zai wartsake shi, ko ka ba shi wurin zama. Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Ashe ciwon da na kamu da shi a zamanmu biyu na farko ya fi shekara 1,600 a duniya.

An kawo mai wa'azi John Wesley a Ingila, da ƙananan azuzuwan da aka fara a Bristol a 1742, mutum kamar 12 ƙarƙashin shugaba ɗaya. Asalinsu ma don tara gudummawar biyan bashin ɗakin taro aka kafa su, sai aka ga shugaban da ke ganin mutanensa kowane mako shi ne ya san wanda ya fara sanyi da wanda gidansa ba lafiya, tsarin ya rikiɗe ya zama na kiwon rayuka. An kawo Dawson Trotman a Amurka, wanda a 1933 ya fara zama da wani sojan ruwa ɗaya yana koya masa karatun Littafi da haddar ayoyi. Da sojan ya kawo masa abokinsa ya ce a koya masa shi ma, Trotman ya mayar masa da aikin, ya ce shi ya koya masa. Daga nan ƙungiyar Navigators ta tashi, kuma su mai wa'azin bishara Billy Graham ya nema daga baya su taimaka wajen bin sawun waɗanda suka tuba a manyan tarurrukansa. Duk wannan a minti 25, ba tare da ya zama jerin sunaye ba. Malamin ya iya.

Shafukan darasin da ake yi da almajiri su ne tsaka-tsaki. Batutuwan daidai suke, kuma a jere mai ma'ana: tabbacin ceto, addu'a, karanta Littafi Mai Tsarki, Ruhu Mai Tsarki, zumunci, jarraba, gafara, bayarwa, ba da shaida. Ga wadda ba ta san inda za ta fara ba kamar ni, wannan jerin kaɗai taimako ne babba. Amma yawancin tambayoyin na cike gurbi ne. Ka karanta aya, ka kwafe kalmar da ta ɓace. Yarinyar tana da kaifin kai, cikin minti goma takan gama shafi, duk daidai, kuma ban san ko ta gaskata ko ɗaya ba. Fassarar Hausar ma tana da nauyi, ana jin wani harshe a ƙarƙashinta. Akwai jimlar da muka karanta sau uku, ta dube ni ta ce, "Yaya, me suke so su ce?" Na ce ni ma shi nake nema. Daga mako na huɗu na koma karanta tambayoyin tun a gida, in zo in yi mata su da bakina.

Katunan haddar aya kuwa ba ni da abin cewa sai yabo. Aya ɗaya kowane mako, a ajiye ta a fuskar waya. 1 Yahaya 5:11-12 a makon tabbacin ceto, 1 Korantiyawa 10:13 a makon jarraba, Karin Magana 3:5-6, 1 Yahaya 1:9. Dokar ita ce ba almajiri kaɗai ke haddacewa ba, ke ma sai kin biya masa. Ta kama ni da kuskure sau biyu, kuma ranar ce na fara ganin dariyarta ta gaske.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa ba zan ce na yi asarar lokacina ba. Jagorar da aka haɗa ni da ita dattijuwa ce, ta kusa shekara 70, a wata ƙasa take, ban taɓa ganinta ido da ido ba. Aikin sa kai take yi. Tun kiran farko na ce mata Mama, ita kuma ta ce mini 'yata, muka tsaya a haka. Kowace Alhamis da dare take kira, ba ta taɓa makara ba. Na zaci za ta riƙa tambayata inda muka kai a darasi. Ina! Tambayarta ta farko ita ce, "'Yata, yaushe rabonki da buɗe Littafi ba don shirya wa yarinyar nan darasi ba?" Na yi shiru. Ta ce ba komai, ta ji amsar.

Haka ta riƙa yi mini. Sai ta gama da ni tukuna ta waiwayi yarinyar. Ta tambaye ni me yarinyar ke tsoro, na ce ban sani ba. Wa take kira in ranta ya ɓaci, ban sani ba. Ta taɓa ganinki kina fushi? Ta taɓa jin kina ba mijinki haƙuri? Na ce, "Mama, ai wannan ba ya cikin darasi." Ta ce in buɗe 2 Timoti 3:10. Bulus yana tuna wa Timoti cewa ya bi koyarwarsa, da halinsa, da niyyarsa, da bangaskiyarsa, da haƙurinsa, da ƙaunarsa, da jimirinsa. Ta ce in ƙirga, a cikin bakwai ɗin nan nawa ake iya koyarwa a zaune da takarda. Ta kuma kai ni Titus 2:3-5, inda aka ɗora wa tsofaffin mata koya wa ƙanana, kuma abubuwan da aka lissafa duk na zaman yau da kullum ne. Shawararta ita ce in daina ware wa yarinyar awa ɗaya mai tsabta a mako, in bar ta ta shigo cikin sauran awoyin. Na fara kiranta ta raka ni duba mara lafiya. Ta zauna da ni ina duba takardun jarrabawar yara, ta ga yadda nake tsaki. Wata rana na ɗaga wa ɗana murya a gabanta ba bisa haƙƙi ba, na koma na ba shi haƙuri ita ma tana nan. Daga baya ta gaya mini ba ta taɓa ganin babba ya ba yaro haƙuri ba. Wannan ya fi shiga ranta fiye da darussa huɗun da muka riga muka yi.

Sai dai in faɗi gaskiya, a cikin mu shida ba kowa ya yi sa'ar jagora irin tawa ba. Wani ɗan'uwa ya ce nasa jagoran karanta masa tambayoyin fom kawai yake yi ya kashe waya. Wata kuma an canza mata jagora sau biyu. Wato abin da ya fi komai daraja a hidimar shi ne wanda ba su da ikon yi maka alkawarinsa.

Inda muka saɓa da horon shi ne wajen ƙirga. A mako na shida an nuna mana lissafin ninkawa. In mutum ɗaya ya almajirtar da ɗaya a shekara, su biyun su yi haka a shekara ta biyu, su huɗun a ta uku, a shekara 33 za a haura biliyan 8, wato yawan mutanen duniya. Lissafin daidai ne, na buga shi a waya na gani. An kafa shi a kan 2 Timoti 2:2, inda ake ganin tsara huɗu a aya ɗaya: Bulus, Timoti, amintattun mutane, da waɗansu da za su koya wa. Ba ni da ja da ayar. Amma lissafin ya ɗauka ba wanda zai gaji, ba wanda zai koma baya, ba wanda zai buƙaci shekara biyar maimakon ɗaya. A wannan wasiƙar ta 2 Timoti, sura 4 aya 10, Bulus ya ce Dimas ya yashe shi saboda ƙaunar duniya. Dimas ɗin da a Filimon aya 24 ya kira abokin aikinsa. Aya ta 11 kuma, nan take, yana cewa a kawo masa Markus don yana da amfani a gare shi. Markus ɗin da ya gudu ya bar su a Bamfiliya, wanda saboda shi Bulus da Barnaba suka yi saɓani mai zafi har suka rabu a Ayyukan Manzanni 15. Wanda aka sa wa rai ya tafi, wanda aka fid da rai a kansa ya dawo, a ayoyi biyu masu bin juna. Ina za a sa wannan a jadawalin ninkawa?

Wannan tunanin ƙirga shi ya gangaro cikin fom ɗin mako-mako. Sau nawa kuka haɗu, shafi nawa aka gama, mutum nawa almajirinka ya yi wa bishara. Akwai zane mai launi da ke hawa ko sauka. Na kama kaina wata rana ina gaggauta yarinyar don kada zanena ya sauka, na ji kunya. Abin da ya fi damuna kuma shi ne wani akwati da ke cewa a rubuta zunubi ko matsalar da almajiri ke fama da ita a wannan makon, ga shi tun a rajista an karɓi cikakken sunanta. Na tambaya wa ke karanta wannan, aka ce jagora da ma'aikatan ofis, don addu'a. Ban yi shakkar niyyarsu ba. Amma abin da yarinya ta faɗa mini cikin kuka amana ce, ba ta faɗa don a ajiye a kwamfutar mutanen da ba ta sani ba. Na bar akwatin fanko tun daga farko har ƙarshe. Manhajar ba ta barin a wuce sai an rubuta wani abu, don haka ɗigo ɗaya nake sawa.

Mako na bakwai shi ne na gafara, kuma a nan komai ya tsaya. Darasin ya kawo Afisawa 4:32 da misalin bawan nan marar tausayi na Matiyu 18, sannan matakai huɗu, a ƙarshe layi: rubuta sunan wanda ka gafarta wa yau. Yarinyar ta riƙe biro ta daɗe. Sai ta ajiye, ta gaya mini abin da mahaifinta ya yi wa mahaifiyarta da su 'ya'yan, abin da ba zan maimaita ba. Ta ce, "Yaya, in sai na rubuta sunansa a nan ne zan zama mai bi, to ban zama ba." Ni kuma, Allah ya gafarta mini, sai na koma malamar aji. Na karanta mata ayar kuma. Na bayyana mata matakan. Ta tashi ta yi mini sallama da ladabi, ta tafi. Mako uku ba ta ɗaga wayata ba, ba ta zo sujada ba.

Manhajar ta mai da sunanta ja, ta rubuta "ta tsaya", ta turo mini shawarar in duba ko akwai wani da zan maye gurbinta da shi don in gama horon a kan lokaci. Saƙo ne da na'ura ke turawa, na sani, ba mutum ya zauna ya rubuta mini ba. Duk da haka wani ne ya tsara shi, kuma ya saɓa wa darasinsu na farko.

Ranar Alhamis na kwashe komai na gaya wa Mama, ina jiran faɗa. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Takardar tasu ce, 'yata. Yarinyar ta Ubangiji ce. Ajiye takardar." Ta ce kada in sake kiranta don darasi, in tura mata saƙo in ba ta haƙuri, in faɗi laifina da sunansa, ba tare da "amma" ba. In ta yarda mun haɗu, kada in kai ta Afisawa, in kai ta Zabura 13, inda Dawuda ya tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu a ayoyi biyu. Ta ce yarinyar ba ta san an yarda mai bi ya yi wa Allah irin wannan magana ba. Ta ƙara da cewa gafara umarni ce, ba za mu soke ta ba, amma ba a cire ƙaya da gaggawa, kuma gafarta wa mutum daban, komawa inda zai sake cutar da kai daban. Wannan bambancin babu shi ko kaɗan a darasin, kuma a ganina giɓi ne mai haɗari, don a cikin sababbin tuba akwai masu ɗauke da raunuka irin nata da yawa.

Na yi yadda ta ce. Kwana huɗu ba amsa, a na biyar ta turo kalma ɗaya: "To." Muka haɗu, muka karanta Zaburar, ba mu yi komai ba bayan haka. Mama da kanta ta rubuta wa ofis ta ce a dakatar mini da agogo, suka yarda ba gardama, wannan kuma a yaba musu. Horon mako 12 ya ɗauke ni mako 19.

Takardar shaidar da aka turo mini a ƙarshe tana cewa na kammala, na cancanci almajirtar da waɗansu. Tana cikin waya, ban buga ta ba. Bulus ya yi shekara ɗaya da wata shida a Koranti, shekara 3 a Afisa yana gargaɗi dare da rana da hawaye, kuma wasiƙun da ya rubuta wa Korantiyawa daga baya sun nuna aikin bai ƙare ba. Ban ga laifin a tsara mako 12 ba, dole abu ya kasance da farko da ƙarshe. Kalmar "kammala" ce ta yi mini girma.

Wanda aka miƙa wa sabon mai bi bai san ta inda zai kama ba, ina ba shi shawara ya shiga irin wannan horo, musamman in shi ma ba a taɓa zama da shi ba. Zai sami jeri, zai sami tarihi, zai haddace ayoyi, in ya yi sa'a kuma zai sami wanda zai tambaye shi abin da ba ya son a tambaye shi. Amma kafin ya yi rajista ya bincika wa ke ganin abin da yake rubutawa a kan almajirinsa, ya tambaya ko ana iya canza jagora in ba su daidaita ba, kuma ya sanar da fastonsa, don horon bai tambaye ni komai game da ikilisiyarmu ba bayan ranar rajista. Wanda kuwa yake da dattijo ko dattijuwa a kusa da za su iya zama da shi, ya fara da su. Abin da Akila da matarsa suka yi wa Afolos a Ayyukan Manzanni 18:26, da suka ja shi gefe suka ƙara fayyace masa tafarkin Allah, ba ya buƙatar manhaja.

Wata biyar ke nan da rufe mini shafi. Mama ba ta da sauran alhaki a kaina a tsarinsu, an riga an ba ta sababbin ɗalibai, amma har yanzu tana kira, sai dai ya koma Alhamis ɗin farko ta kowane wata. Ni da yarinyar mun bar shafukan darasi, muna karanta Markus sura-sura, yanzu muna ta 9. Layin nan na mako na bakwai har yau ba ta rubuta komai a kai ba, ni ma ban sake tambaya ba. Makon jiya dai da muke addu'a ta ambaci mahaifinta, ta roƙi Allah ya ba shi lafiya don ta ji ba ya jin daɗi, ta wuce zuwa maganar jarrabawarta.